Ruwan Lagireto: Darasin Da Na Saya Da Tsada A Hanyar Tamale

Shekara talatin da biyu ke nan ina zaune a Kumasi ina harkar albasa da goro, kuma a tsawon wannan lokaci na riƙe mota huɗu. Ta farko Fijo 504 ce, wadda na saya hannun wani ɗan'uwanmu da zai koma gida. Duk wanda ya riƙe irin wannan mota ya san hidimarta. Kullum da safe in na dawo daga masallaci, da butar alwala a hannuna nake buɗe bonet, in kwance murfin lagireto, in tuttula ruwa har ya tumbatsa, in mayar da murfi, shi ke nan. Ruwan famfo ne ko na rijiya, ba ruwana. A haka na yi shekara tara da ita, ta kai ni Bawku, ta kai ni Lome, ba ta taɓa kunyata ni ba. Sai na ɗauka na gama sanin mota.

Da Allah Ya buɗa, na sayi Toyota ƙirar 2016, irin wadda ake kira hom-yus a nan Ghana, 'yan'uwanmu na Najeriya su ce tokumbo ko Beljiyam. Daga Amurka ta zo ta tashar Tema. Wanda ya sayar mini ya ce ta ɗan taɓa buguwa ta gaba amma an gyara tsaf, ni kuwa fenti da sanyin esi suka ɗauke mini hankali. Ban tambayi wane irin lagireto aka mayar mata ba. Littafin motar yana cikin akwatin gaba, a cikin ledarsa, ban taɓa buɗe shi ba.

Yadda abin ya faro

Bayan kamar wata biyar, wata rana ɗana na fari yana wanke motar sai ya ce, "Baba, ruwan robar nan ya sauka ƙasa da layi." Na leƙa na ga wani ruwa mai launin hoda ya kusa taɓa gindin robar. Na ce, "Kawo buta." Ya ce, "Baba, ai wannan ba a sa mata ruwan famfo." Na ce masa tun ba a haife shi ba nake zuba wa mota ruwa. Yaro ya yi shiru ya kawo buta.

Bayan mako uku ruwan ya sake sauka. Na sake ƙarawa. Da abin ya yawaita sai na tsaya a bakin titi na sayi wani koren ruwa a galan, mai araha, mai sayarwar ya rantse mini duk ɗaya ne, kala ce kawai ta bambanta. Na zuba shi a kan na hodar da ruwan famfon. Haka na yi ta yi kusan wata takwas. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina ina ruwan yake zuwa ba, domin a kan Fijo na saba ruwa ya ragu in ƙara.

Wani watan Maris, ana tsakiyar zafi, muka tashi zuwa Tamale ɗaurin auren 'yar ƙanena. Ni, Hajiya, yara uku, da surukata tsohuwa mai ciwon hawan jini. But cike da kayan gara. Mun wuce Techiman lafiya, mun sha ruwa a Kintampo. Muna tsakanin Kintampo da Buipe sai na ga allurar zafi ta haura rabi. Na ce a raina bari mu ƙarasa Buipe, ai ba nisa. Esi ya fara kawo iska mai ɗumi. Can sai allurar ta faɗo ƙasa da kanta, na ce alhamdu lillahi ta huce. Ashe ruwan ne ya ƙare ƙaf, abin da ke auna zafin ya daina taɓa ruwa, yana auna iska. Ba mu yi kilomita biyar ba mota ta fara ƙara kamar ana kaɗa cokali a cikin gwangwani, ƙarfinta ya mutu, ta tsaya.

Awa huɗu muka yi a gefen titi. Inuwar da muka samu ta wata 'yar bishiyar kaɗanya ce, muka shimfiɗa wa tsohuwa darduma a ƙarƙashinta, Hajiya tana yi mata fifita da kwali. Ba ta ce mini uffan ba sai da muka samu motar haya ta kwashe su, sannan ta leƙo ta taga ta ce, "Alhaji, yaron nan fa ya faɗa maka." An ɗaura aure ba ni. Motar kuwa a bayan babbar mota ta koma Kumasi.

Abin da na gani a gareji

A Suame Magazine, inda dubban makanikai da masu sayar da kayan gyara suke, aka haɗa ni da wani dattijo ɗan Asante da ya iya Hausar zango kamar a Aboabo aka haife shi. Da ya sauke kan injin sai ya kira ni ya ce, "Alhaji, zo ka ga aikinka." Ya ɗora wani miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskar kan injin, ya haska tocila ta baya, haske yana wucewa ta tsakiya. Zafi ya lanƙwasa shi. Gaskit ya ƙone. Ya ciro famfon ruwa ya nuna mini tsatsa, ya kwance tiyo, wani abu mai kama da kunun da ya kwana ya zubo, ruwan ƙasa-ƙasa.

Sannan ya nuna mini asalin ɓarnar. Lagireton da aka mayar bayan buguwar nan mai araha ne, kuma ya ɗan tsage a inda robar sama ta haɗu da alminiyam. Tsagar ba ta kai tsawon farce ba. Ruwa yana tsattsafowa ne kawai idan inji ya yi zafi, ya bushe nan take, shi ya sa ban taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. Sai dai ga farin busasshen tabo nan a wurin, wanda ko makaho ya shafa zai ji. Ya ce da tun ranar da yaro ya yi magana na kawo ta, lagireto kawai za a canza. Abin da na kashe a ƙarshe ya kai kuɗin buhun albasa goma sha ɗaya a farashin lokacin, ban da kuɗin jan mota, ban da mako uku da na yi ina hawa tasi zuwa kasuwa.

A cikin makonnin nan uku kusan kullum ina garejin. Na yi ta tambaya, na ɗauko littafin motar ɗana yana karanta mini yana fassarawa, ni ma na bi abin da na iya. Abin da na fahimta shi nake son in raba da 'yan'uwana fatake, domin na san da yawanmu yanzu sun bar tsofaffin motoci sun koma sababbi, amma hannunsu bai bar tsohuwar ɗabi'a ba.

Mu da ba mu da ƙanƙara, me ya haɗa mu da antifiriz?

Wannan ita ce tambayar da na fara yi wa dattijon, kuma na san ita ce a bakin kowa. Sunan ne yake ruɗar mu. Antifiriz na nufin abin da ke hana ruwa daskarewa, mu kuwa ko a tsakiyar hunturu a Agadas ba kasafai ruwa ke zama ƙanƙara ba. To amma wannan ruwa aiki uku yake yi, kuma biyu daga ciki mu suka fi shafa.

Asalinsa wani sinadari ne da ake kira etilin gilaikol, ana gauraya shi da tataccen ruwa, yawanci rabi da rabi. Wannan haɗin ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Wannan na Turawa ne. Namu shi ne tafasa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Haɗin rabi da rabi sai ya kai wajen 107. Idan kuma murfin lagireto yana da lafiya yana riƙe iska yadda ya kamata, sai ya haura 125 kafin ya tafasa. Injin sabuwar mota a kan digiri 90 zuwa 105 yake aikinsa na yau da kullum. Ka ga ke nan mai ruwa zalla da mataccen murfi, a kan gaɓar tafasa yake tafiya, musamman a cunkoson Kejetia ko na Dantokpa da rana tsaka, esi a kunne.

Aiki na uku shi ne mafi girma, kuma ba a ganinsa da ido. A cikin ruwan akwai magungunan hana tsatsa da cin ƙarfe. Tsofaffin motocinmu jikin injinsu baƙin ƙarfe ne mai kauri, lagireto na tagulla mai faffaɗan hanyoyi, in ya toshe a kai wa mai walda ya buɗe ya zura ƙarfe ya wanke. Sababbin nan kusan komai alminiyam ne da roba, hanyoyin ruwan sirara ne ƙwarai, kuma lagireton ba a cika gyara shi ba, sai dai canji. Ruwan famfo, da na rijiya, da na burtsatse duk suna ɗauke da gishiri-gishirin ƙasa. Duba gindin butar shayinka ka ga farin ɓawon da ya kama. Irin wannan ne yake kama cikin lagireto, ga tsatsa, ga cin alminiyam daga ciki.

Kada kuma wani ya ce to bari in zuba antifiriz zalla tunda shi ne mai kyau. Ruwa ya fi shi iya ɗaukar zafi, don haka in babu ruwa a ciki injin zai fi yin zafi. Rabi da rabin nan shi ne daidai ga yawancin motoci.

Idan ruwa ya ragu

A sabuwar mota hanyar ruwa a rufe take ruf. Idan inji ya yi zafi ruwa ya kumbura ya hau cikin robar nan ta gefe, idan ya huce ya koma. Saboda haka lafiyayyar mota tana iya yin wata da watanni ba ta nemi ƙari ba. Ɗan raguwa kaɗan a shekara ba abin damuwa ba ne. Amma in kana ƙarawa duk mako biyu ko duk wata, akwai inda yake fita, kuma ƙarin da kake yi ɓoye ciwon kawai yake.

A duba ruwa da safe kafin a tayar da mota, tana tsaye a wuri mai daidai. A jikin robar akwai layi biyu, wasu an rubuta F da L, wasu MAX da MIN. Ruwan ya kasance tsakaninsu. Kada a cika ta har baki, domin yana buƙatar wurin kumbura. Ni yanzu duk ranar Juma'a da safe nake dubawa, kuma na sa ɗan alama da biro a jikin robar don in gane ko ya motsa. A kula kada a rikita ta da robar ruwan wanke gilashi ko ta man birki. Masu motar haibirid, irin su Prius, su sani robar ruwan sanyaya biyu gare su, ɗaya ta inji ɗaya ta na'urar lantarki.

Wuraren da ruwa ya fi bi ya gudu su ne bakin tiyo inda aka ɗaure, haɗin roba da alminiyam na lagireto, famfon ruwa, da murfin kansa idan robarsa ta mutu. Nemi busasshen tabo fari ko mai launin ruwan motarka. Idan kana jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, ko kafet ɗin gaba yana jiƙewa, to ɗan ƙaramin lagireton hita da ke bayan dashbod ne yake yoyo. Mafi muni shi ne idan ruwan yana shiga cikin inji: farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko bayan mota ta yi zafi, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko kumfa tana tasowa a robar ruwa inji yana aiki. Wannan gaskit ne, kada a ƙara tafiya da ita.

Makanikan kirki suna da wani ɗan famfo da suke ɗaurawa a bakin lagireto su hura iska, inji a kashe, sai wurin yoyon ya tona kansa. Aikin minti goma sha biyar ne. Da shi aka gwada tawa tun farko da ban kwana a wannan labari ba.

Launi ba shi ne shaida ba

Nan ne na fi yin asara, nan ne kuma masu shago suka fi ruɗar mutane. Shi sinadarin ba shi da launi, rini ne kamfani ke zubawa. Abin da ya raba wani da wani shi ne irin maganin hana tsatsar da ke ciki. Kore biyu suna iya zama iri dabam-dabam, ja da shuɗi kuma su zama dangi.

Akwai tsohon yayi, wanda galibi kore ne, ana rubuta IAT a jikinsa. Shi ne na motocin da, kuma duk shekara biyu ake zubar da shi a sa sabo domin maganinsa yana saurin ƙarewa. Akwai OAT mai daɗewa kamar shekara biyar, irin Dex-Cool mai ruwan lemo na motocin General Motors. Akwai kuma masu haɗa hanyoyin biyu, ana ce musu HOAT. Kamfanonin Japan da Koriya sun fi son mai sinadarin fosfet, ba sa son silikat. Na Turai kuma akasin haka, suna guje wa fosfet saboda yana yin ɓawo idan ya haɗu da ruwa mai gishirin ƙasa. Shi ya sa ruwan da ya dace da Marsandi ba lallai ya dace da Honda ba.

Toyota na yanzu suna amfani da mai launin hoda da ake kira Super Long Life Coolant, yana zuwa a gauraye, ba a ƙara masa ruwa. Wanda aka zuba daga kamfani yana kai kilomita 160,000 ko shekara 10, bayan nan kuma duk kilomita 80,000 ko shekara 5. Tsofaffin Toyota ja suke sha. Honda nata shuɗi ne, ana ce masa Type 2. Volkswagen da Audi lamba suke bi, G12, G13 da sauransu. Marsandi ma lamba ce, wadda ta fara da 325. Duk wannan yana rubuce a littafin mota, wani lokaci ma a jikin robar ruwan ko a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. In babu littafin, yaranmu suna iya nemo shi a waya da sunan motar da shekararta.

Idan ka gauraya iri biyu da ba sa jituwa, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne maganin ya raunana, ruwan shekara biyar ya koma na shekara ɗaya ko biyu. Wani lokaci kuma su yi guda-guda su toshe hanya, kamar kunun da na gani a tawa. Akwai waɗanda aka rubuta wai sun dace da kowace mota. Ban ce ƙarya suke ba, amma ni tunda na sha wuya, abin da littafi ya ce shi nake nema.

Wanda ya sayi hom-yus ya tuna cewa bai san abin da aka zuba mata ba kafin ta zo hannunsa, musamman in an taɓa canza lagireto. Ranar da za ka yi mata juyen baƙin mai na farko, ka sa a zubar da ruwan duka, a wanke da tataccen ruwa, a zuba wanda ya dace, a fitar da iskar da ta maƙale, ka rubuta kwanan wata da kilomita. Ƙaramar mota ba ta wuce lita 5 zuwa 7 ba.

Wajen saye

Karanta galan ɗin kafin ka biya. Idan an rubuta Premixed ko 50/50, a gauraye yake, zuba kawai. Idan an rubuta Concentrate, sai ka haɗa shi da tataccen ruwa daidai wa daida. 'Yan'uwanmu na Kwatano, Lome, Yawunde da Njamena za su ga liquide de refroidissement ko prêt à l'emploi a kan gaurayayye, antigel concentré a kan mai kauri, tataccen ruwa kuma eau déminéralisée. Shi tataccen ruwan shi ne wanda ake ƙara wa batir, amma a yi hattara sosai: a shagon batir akwai ruwan asid ma, kuma a ido kamarsu ɗaya. Ka tabbatar da abin da aka ba ka. Fiya wata na leda mai kyau ne ga ciki, amma ba tatacce ba ne irin wanda mota ke so.

Jabu ya yi yawa. Mu 'yan kasuwa ne, mun san araha ba ta ado. In ka ga galan a rabin kuɗin da ake sayar da shi ko'ina, murfi ba sil, rubutu yana gogewa da yatsa, ruwa ne da rini. Dattijon nan ya koya mini gwaji ɗaya: ɗebi kaɗan daga wanda aka rubuta 50/50 a ƙaramar kwalba, rufe tam, sa a firiza ya kwana. Na gaske ba zai daskare ba, domin sanyin firiza bai kai nasa ba. Ruwan rini kuwa da safe dutse za ka tarar. Sai dai don Allah kada a yi wannan a firizar da yara ke buɗewa, dalili yana zuwa a ƙasa.

Wani abin da nake roƙon 'yan'uwa su ƙi yarda da shi, shi ne cire tamostat. Da ka sayi mota za ka ji wani bakanike ya ce, "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, bari mu cire, mu haɗa fanka dairek." Tamostat ɗan ƙyaure ne da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, sannan ya buɗe. In an cire, kwamfutar motar za ta riƙa ganin inji bai yi zafi ba, ta yi ta ƙara masa fetur, ka yi ta mamakin shan mai, injin kuma ya riƙa ci da wuri. Motar da ke zafi tana da dalili: yoyo, toshewa, fanka, murfi, ko tamostat ɗin ya mutu a rufe. In shi ne, a sa sabo.

Idan ta yi zafi a hanya

Da allura ta haura inda ta saba tsayawa, ko jan hoton ma'aunin zafi ya kama a dashbod, kashe esi, kunna hita har ƙarshe duk da zafin gari domin tana janye zafi daga inji, ka nemi wuri ka sauka gefe ka kashe mota. "Bari mu ƙarasa gari na gaba" ita ce maganar da ta cinye mini buhu goma sha ɗaya.

Kada ka taɓa murfin lagireto inji da zafi. Ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasa, murfin ne kawai ya danne shi, kana kwancewa zai yi tsiri ya wanke maka fuska da ƙirji. Na san direban da har yau tabon yana wuyansa. Wasu motocin Turai ma ba su da murfi a kan lagireto, na robar ne yake riƙe iskar, haɗarinsu ɗaya. A jira aƙalla rabin awa, in da hali fiye, sai babban tiyon sama ya yi laushi kana iya riƙe shi da hannu. Sannan a ɗora tsumma mai kauri, a murɗa a hankali, iska ta fita tukuna. Kada a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, yana iya tsaga shi.

A daji, in babu komai sai ruwan sha, zuba shi. Ruwan leda ya fi babu nesa ba kusa ba. Amma da ka isa gari a nemo yoyon, a zubar, a sa na gaskiya. Yanzu ba na fita doguwar tafiya sai da lita biyu na irin ruwan motata a but, a cikin galan ɗinsa na asali.

Magana ga iyaye mata

Wannan sashe Hajiya ce ta ce lallai in sa shi. Bayan an gama gyara, ragowar ruwan hodar nan yaron gareji ya juye mini a robar lemo, na kawo gida na ajiye a bayan ƙofar zaure. Washegari ta tarar da autanmu, ɗan shekara huɗu, ya ɗauko yana kokawa da murfin da haƙori. Allah ne Ya tsare, murfin ya ɗauru da kyau. Ranar na ji faɗan da ban ji ba a hanyar Buipe.

Wannan ruwa guba ne mai kisa, ga launi kamar lemo, ga zaƙi a baki. Wasu kamfanoni suna sa masa abin ɗaci, amma ba duka ba. Kaɗan ya isa ya lalata ƙodar yaro. Mugun halinsa shi ne da farko yaron zai yi kamar mai maye ko mai jin barci, ya yi amai, sannan ya yi kamar ya warware, alhali ɓarnar tana ci a ciki, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙoda ta tsaya. Idan ana zaton yaro ya sha ko da kurɓi ɗaya ne, a tafi asibiti nan take tare da robar don likita ya gani. Kada a tsaya ba shi manja ko madara a gida, kada a sa shi amai, kada a jira alama. Yana da magani idan an je da wuri.

Kada a taɓa juye shi a robar lemo ko ta ruwan sha. A bar shi a galan ɗinsa, a sama, inda hannun yaro ba ya kai. Wanda aka zubar daga mota kada a bar shi a kwano a tsakar gida ko a kwarara a kwata, awaki da kaji da kyanwa suna lasa su mutu. In ya zube a ƙasa a rufe da yashi a kwashe.

Motar tana nan, shekara biyu ke nan ban ƙara mata ko kofi ɗaya ba, alamar biron nan tana inda take. Da ƙaramar Sallar bana muka koma Tamale gaishe da amaryar da ban halarci aurenta ba, har ta haihu. Kafin mu tashi na miƙa wa ɗana makulli na ce ya buɗe bonet ya duba mana ruwa. Ya duba ya ce, "Yana kan layi, Baba." Da muka zo daidai bishiyar kaɗanyar nan surukata ta gane ta, ta ce in rage gudu ta gaishe da masaukinta. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya sa albarka a abin hawanmu da kasuwancinmu.